Sarkin Yawa Ko Sarkin Ƙarfi: Wane Faifai Ya Dace da Kwamfutocinmu?

Masu iya magana sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda samari ashirin kan nome gona guda kafin azahar a ranar gayya ba zai yi musun wannan zance ba. Irin wannan tunani ne ya sa masana na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, suka ƙirƙiro dabarar haɗa faya-fayan ajiya da yawa su yi aiki tamkar faifai ɗaya. Dabarar ta yi amfani ƙwarai a zamaninta, har yau kuma da ita manyan bankuna da kamfanonin sadarwa ke aiki. Sai dai kowace magana tana da muhallinta.

A yau, shugaban makaranta a Ƙanƙara, ko jami'in ajiye bayanan majinyata a Faskari, ko mai shagon buga takardu da ɗaukar hoto a Sabuwa, in ya tashi sayen kwamfutar aiki yakan ji shawara iri biyu daga bakin masu sayarwa. Wani ya ce masa ya haɗa faifai biyu ko huɗu a akwati ɗaya, domin ya sami sauri da tsaro a lokaci guda. Wani kuma ya ce ya sayi faifai ɗaya tak na sabon yayi, wanda ake kira SSD. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ga mafi yawan ofisoshi da makarantu da shagunan wannan yanki, faifai ɗaya mai sauri ya fi dacewa, kuma kuɗin da za a kashe wajen jera faya-fayai a akwati ɗaya ya fi kyau a kashe shi wajen ajiye kwafin bayanai a wurare dabam-dabam. Ga dalilaina.

Yadda faifan ajiya ke aiki

Tsohon faifan ajiya, wanda za mu kira faifai mai juyi, kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1956. Na farkon yana da faranti 50, girmansa ya kai na babban firji, amma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wato ko hoto ɗaya na wayar zamani zai iya cika shi. Na yanzu yakan shige aljihun riga, yana kuma ɗaukar terabayit masu yawa, amma tsarin aikinsa bai sauya ba. Akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa, akwai kuma wani siririn hannu da ke kai da komo a kansa yana rubutu da karatu, kamar allurar garmaho. Farantin irin na kwamfutar tebur yakan juya sau 7,200 a minti ɗaya, wato sau 120 a kowace daƙiƙa. Duk da haka, kafin a karanto wani bayani sai hannun ya tafi inda yake, sa'an nan ya jira farantin ya juyo da shi. Wannan jira yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Saboda haka, in bayanan a warwatse suke, faifan ba ya iya ɗauko fiye da guntaye ɗari ko ɗari da 'yan kai a daƙiƙa guda.

Shi kuwa SSD ba shi da faranti, ba shi da hannu, babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana ajiye bayani ne a cikin 'yan mitsi-mitsin ɗakunan lantarki, irin waɗanda ke cikin filas da katin waya. Wani injiniya ɗan Japan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙago wannan fasaha a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Da yake babu tafiya babu jira, SSD yakan kai ga bayani cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, wato ya ninka faifai mai juyi sau ɗari a wannan fanni.

Asalin gayyar faya-fayai

A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka gabatar da wata maƙala da ta shahara. A lokacin, manyan faya-fayai na da tsadar gaske, ƙananan kuwa na da araha amma ba su da sauri, ba su kuma da aminci. Sai suka nuna cewa in aka haɗa ƙananan da yawa cikin tsari za su iya fin babban ɗaya. Su ne suka laƙaba wa dabarar suna RAID, mu kuwa za mu kira ta gayyar faya-fayai.

Gayyar tana da salo iri-iri, amma uku ne suka fi yaɗuwa. A salo na farko, mai lamba 0, ana yayyanka kowane bayani a rarraba wa faya-fayan, kowanne ya ɗauki nasa kaso a lokaci guda, aikin ya yi sauri. A salo na biyu, mai lamba 1, faifai biyu ne ke rubuta abu iri ɗaya, ɗaya madubin ɗaya, ta yadda in guda ya mutu ɗan'uwansa zai ci gaba. A salo na uku, mai lamba 5, ana buƙatar aƙalla faifai uku, ana kuma ware gurbin faifai ɗaya domin lissafin ko-ta-kwana. Alal misali, in faifan farko na riƙe da 7, na biyu na riƙe da 5, sai a rubuta jimillarsu 12 a na uku. Ranar da na biyu ya mutu, sai a ɗebe 7 daga 12, a gano abin da ya ɓata. Na'urar tana yin nata lissafin da sifiri da ɗaya, tana kuma rarraba shi a kan dukan faya-fayan, amma hikimar ke nan.

Batun sauri

To, mai karatu zai tambaya, in sauri ake nema, wane ne ke gaba? Amsar ta danganta da irin aikin. Faifai mai juyi na zamani yakan karanta kimanin megabayit 200 a daƙiƙa in bayanin a jere yake, kamar dogon fim. In aka haɗa huɗu a salo mai lamba 0, a lissafi za su kusanci megabayit 800. SSD na talaka, mai amfani da tsohuwar mahaɗar da ake kira SATA, yakan tsaya a wajen megabayit 550. Amma sabon samfurin da ake kira NVMe, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2011, yakan kai megabayit 3,500, wasu ma har 7,000. Ashe ko a tseren da gayya ta fi ƙwarewa, faifai ɗaya ya riga ya wuce ta.

Bugu da ƙari, aikin ofis da na makaranta ba dogon fim ba ne. Kunna kwamfuta, da buɗe takarda, da neman sunan ɗalibi a cikin rajista, da lalubo katin majinyaci, duk ɗauko ƙananan guntaye ne daga wurare barkatai. A nan faifai huɗu masu juyi, in sun yi ƙoƙari, su ɗauko guntaye ɗari huɗu ko biyar a daƙiƙa, alhali SSD mafi araha daga kamfani sananne yakan haura dubu goma. Dalili kuwa shi ne, gayya tana ƙara yawan hannuwa ne kawai, ba ta rage jiran da kowane hannu zai yi kafin faranti ya juyo. Jaki huɗu sun fi jaki ɗaya ɗaukar kaya, amma ba za su riga babur isa Funtuwa ba.

Akwai kuma haɗarin da masu tallar salo mai lamba 0 ba su cika faɗa ba. Tun da kowane bayani a yayyanke yake, mutuwar faifai ɗaya mutuwar komai ce. Mu ɗauka, don misali kawai, cewa kowane faifai na da yiwuwar mutuwa kashi 5 cikin ɗari a shekara. In biyu ne a haɗe, yiwuwar asarar komai ta kusa kashi 10 cikin ɗari, in huɗu ne kuwa ta haura kashi 18. Wanda ya yi haka ya sayi sauri kaɗan da haɗari mai yawa.

Abin da gayya ke karewa da abin da ba ta karewa

Masu goyon bayan gayya za su ce, to ai ga salo mai lamba 1 da mai lamba 5, waɗanda aka yi domin tsaro. Gaskiya ne, kuma faifai na mutuwa fiye da yadda masu ƙera shi ke faɗa. A 2007 ma'aikatan kamfanin Google sun buga sakamakon nazarin faya-fayai fiye da 100,000, inda suka ga kusan kashi 2 cikin ɗari na mutuwa a shekarar farko, adadin kuma ya haura kashi 8 ga masu shekara uku. Don haka tanadi wajibi ne. Abin tambaya shi ne, wane irin tanadi?

Gayyar madubi tana maganin cuta ɗaya ce tak, wato mutuwar faifai guda, kuma amfaninta shi ne aiki ba zai tsaya ba a ranar. In akawu ya goge takarda bisa kuskure, nan take za ta gogu a dukan faya-fayan. In ƙwayar cutar kwamfuta ta shigo ta kan filas, irin wadda ke kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, madubin zai kwafi ɓarnar da aminci. A 1998, ana cikin haɗa fim ɗin zane na Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya share mafi yawan aikin, aka kuma tarar da kwafin ofis bai yi kyau ba. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya ta ajiye a gidanta, domin tana aiki daga gida a lokacin jego. Haka kuma a watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata babbar cibiyar ajiye bayanai ta kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin ginin da ya ƙone sun tashi a tutar babu.

Manomin Daudawa ko na 'Yargoje ya san wannan darasi tun kaka da kakanni. Rumbu biyu a jingine da juna, wuta ɗaya ke cinye su. Shi ya sa mai dabara kan ajiye wasu buhuna a gidan ɗan'uwansa a wani gari.

Halin da yankinmu ke ciki

Dabarar gayya an tsara ta ne domin ɗaki mai sanyi, mai wutar da ba ta yankewa, mai injiniya a kusa da kuma faifan canji a kan kanta. Mu duba mu gani ko haka abin yake a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Da farko akwai wutar lantarki. Ba sai an gaya wa kowa yadda take zuwa da tafiya ba, kuma a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Akwatin da ke ɗauke da faifai huɗu masu juyi yakan ci kimanin wat 30 zuwa 40, wato kusan kilowat ɗaya na awa in ya kwana ya wuni a kunne, alhali SSD bai wuce 'yan wat kaɗan ba, in a kwamfutar cinya yake ma batirinta ya ishe shi. Ga mai dogaro da janareta, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ko mai dogaro da farantin sola, wannan bambanci kuɗi ne. Wani abin kuma, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a salo mai lamba 5, ana iya rubuta bayanin ba a rubuta lissafinsa ba, ɓarnar kuwa ba za ta bayyana ba sai ranar da aka buƙaci lissafin. In kuma wuta ta dawo da ƙarfi fiye da kima, ko tsawa ta faɗa a kan waya da damina, faya-fayan da ke shan wuta daga tushe ɗaya tare za su ƙone.

Na biyu, akwai zafi da ƙura. Da bazara zafi kan kusanci digiri 40, da hunturu kuma ƙura kan toshe fankar kwamfuta. Faifai huɗu a cunkushe a akwati ɗaya kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa zafi da girgiza.

Na uku, akwai gyara. In faifai ɗaya ya mutu a cikin gayya, sauran na cikin haɗari har sai an sa sabo an sake gina abin da ya ɓata. Cika faifai mai terabayit 4 a kan megabayit 150 a daƙiƙa yana cin fiye da awa bakwai, in ba a sami tangarɗa ba, kuma ana son wuta ta tsaya duk tsawon lokacin. Sauran faya-fayan kuwa galibi sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka saye su, wahala ɗaya suka sha, don haka ba abin mamaki ba ne na biyu ya bi na farko ana tsakiyar aikin. Kafin nan ma sai an nemo sabon faifan daga Funtuwa ko Katsina ko Zariya, ko kuma titin Beirut a Kano, tare da wanda ya iya aikin.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne ɗaci, shi ne rashin tsaro. Ƙananan hukumomin nan uku, waɗanda ke mazaɓar tarayya ɗaya, suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, abin da ya jawo rufe makarantu. Inda za a iya tilasta wa mutane barin gini cikin dare, ko a fasa shi, ko a cinna masa wuta, yawan faya-fayan da ke cikin akwati ɗaya ba ya tsinana komai. Abin da zai tsira shi ne wanda ke wani wuri, ko wanda za a iya sakawa a aljihu a fita da shi.

Wani zai ce, ai sai a tura komai can ma'ajiyar intanet a huta. Wannan tanadi ne mai kyau, amma kada ya zama shi kaɗai. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma shafe watanni kafin a maido da su. Wanda duk bayanansa ke intanet a wancan lokaci, yana da su amma ba shi da hanyar kaiwa gare su.

Raunin faifai ɗaya

Adalci ne mu faɗi aibin SSD. Faifai mai juyi sau da yawa yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya riƙa ƙara ko nawa, shi kuwa SSD yakan ɗauke ne farat ɗaya, kuma ceto bayani daga cikinsa abu ne mawuyaci. Ɗakunansa na da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka, ko da yake wannan bai kai yadda ake tsoratarwa ba. Mai terabayit ɗaya daga kamfani nagari yakan zo da alkawarin rubutun terabayit 600, wanda ke rubuta gigabayit 20 kullum kuwa sai ya shekara 80 bai kai nan ba. Haka kuma ba a so a ajiye SSD shekara da shekaru babu wuta, musamman a wuri mai zafi, domin cajin da ke riƙe da bayanin yana zurarewa a hankali. Ga jabu a kasuwa, waɗanda aka rubuta musu girman da ba su da shi. Sa'an nan har yanzu kowane terabayit na SSD ya ninka na faifai mai juyi tsada.

Waɗannan aibobi ba su rushe hujjarmu ba, sun dai nuna wa kowane faifai gurbinsa. SSD na aikin yau da kullum ne, faifai mai juyi kuwa, da yake yana da araha da faɗi, ya dace da ajiyar kwafi. Akwai kuma wuraren da gayya ta cancanta: babban asibitin da ba zai yiwu rajistarsa ta tsaya ko na awa ɗaya ba, da cibiyar jarrabawar JAMB mai ɗaruruwan kwamfutoci, da ɗakin bayanai na jami'a irin ta Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma. Irin waɗannan, in suna da tsayayyar wuta da ma'aikaci masani, su yi gayyar madubi, kuma ko su ba ta ɗauke musu wajibcin ajiye kwafi a waje ba.

Shawara

Masana ajiyar bayanai na da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga yadda za ta kasance a wurinmu. A sa SSD ɗaya a kwamfutar aiki. A sayi faifai mai juyi guda biyu irin na tafi-da-gidanka. A riƙa kwafe aiki a kan ɗaya kowace yamma, ko aƙalla kowace Juma'a, sa'an nan a zare shi daga kwamfutar, domin faifan da ke a zare tsawa da ƙwayar cuta ba su isa gare shi. Ɗayan kuma ya zauna a wani gini, in da hali ma a wani gari kamar Funtuwa ko Malumfashi, a riƙa musanya su duk wata. Takardun da suka fi muhimmanci, irin su sakamakon jarrabawa da takardun filaye, ba su da nauyi, a ƙara tura su intanet duk ranar da layi ya yi kyau. Bayanan majinyata da na ɗalibai amana ce, don haka a kulle faifan da kalmar sirri kafin ya fita ofis.

Abu biyu suka rage. Duk faifan da aka saya, musamman na hannu, a duba adadin awoyin da ya yi yana aiki, domin kowane faifai na riƙe da wannan lissafi a cikinsa, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna shi. Sa'an nan duk bayan wata uku a ɗauko kwafin a buɗe wasu takardu daga ciki a tabbatar suna karantuwa, tun da kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Kammalawa

Mai karatu zai lura cewa faifai uku muka ba da shawarar a saya, daidai da adadin da salo mai lamba 5 ke buƙata, kuɗin ma ba zai yi nisa da juna ba. Ashe dai maganar magabata tana nan daram, yawa na da amfani, illa dai a wurinmu amfaninsa na cikin rarrabuwa. Sakamakon jarrabawar yaron da zai nemi shiga jami'a bayan shekara biyar, da tarihin jinyar mai ciwon suga, da hotunan bikin da ba za a sake yi ba, duk sun dogara ne da shawarar da wani zai yanke a gaban kantar mai sayar da kwamfuta. Muna kira ga shugabannin makarantu da na asibitoci da sakatarorin ƙananan hukumomi da su sa kuɗin faifan kwafi a cikin kasafin sayen kowace kwamfuta, su kuma ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin yin kwafin da kai shi inda aka ajiye. Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, amin.